Layin da Baba Ribas Ya Koya wa Shiru

Baba Ribas ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa manyan wani kamfani, kuma duk tsawon aikin nan ba a taɓa ganin ya ajiye mota da goshi ba. Ko wuri ya kai filin ƙwallo faɗi, sai ya wuce, ya tsaya, ya ɗora hannu a bayan kujera, ya waiga, ya shigo da baya a hankali kamar mai sauke kwandon ƙwai. Abokan aiki suka liƙa masa sunan Ribas saboda wannan komawa da baya, sunan ya biyo shi gida ya zauna. Jikokinsa ma da shi suka san shi.

Aikin direban manya rabinsa jira ne. In ya kai maigida gidan aboki, sai ya zauna a bakin get yana goge madubi, idonsa kuwa yana can cikin gidan mutane. A haka ya haddace yadda gidan mai hali yake: tayil mai sheƙi, ƙofa mai nauyi, tagar gilashi, da ƙararrawar da in an danna take kukan tsuntsu. Wata rana aka aike shi ya kai jaka har sama, ya leƙa banɗaki ya ga bahon wanka fari tas wanda mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Tun daga ranar bahon nan ya shiga ransa ya ƙi fita.

Da aka sallame shi daga aiki, sai ya tattara abin da aka ba shi, ya sayi fili a ƙarshen layinsu, daidai inda ya fi araha, ya zuba gini. Falo wangameme, ɗakuna uku, tayil har bango, ƙararrawa mai kukan tsuntsu, da baho. Shi da matarsa Innar Yara kuwa suna nan a tsohon gidansu da ke kallon sabon, wanda in aka yi ruwa sai an jera robobi a tsakar ɗaki.

"Mu koma ciki mana," in ji Innar Yara.

"Wannan ba gidan zama ba ne, gidan haya ne. Babban ma'aikaci zai shiga, shi zai riƙe mu har mu tsufa."

"Har mu tsufa? To yanzu me muke?"

Abin da Baba Ribas bai saka a lissafi ba shi ne layin kansa. Ya daɗe a cikinsa har kunnensa ya daina jinsa. Jikin bangon sabon gidan akwai Mai Walda, wanda yake yanka ƙarfe tun safe kamar yana da tsohuwar gaba da shi. Gaba kaɗan akwai Mai Niƙa da injinsa mai tari. Tsallake akwai Goggo Mai Awaki, wadda awakinta suka ɗauki duk abin da aka shanya a matsayin sadaka. Ga masu gyaran babur sun baje ƙarafa har tsakiyar hanya, ga kwata a buɗe tana tafiya abinta ba ta gaggawa.

Dillali ya fara kawo masu neman gida. Duk wanda ya shiga sai ya riƙe baki. Su shafa tayil, su danna ƙararrawa, matan su tsaya kan bahon suna kallon mazajensu. Da sun fito ƙofa sai su dubi dama, su dubi hagu, akuya ta dube su, su ce, "To Baba, za mu yi shawara." Shawarar nan har yau ba a gama ta ba.

Da abin ya ishi Dillali sai ya ja shi gefe. "Baba, in gaya maka gaskiya ko in gaya maka ta dillalai?"

"Fara da gaskiyar, in ba ta yi ba ka kawo ɗayar."

"Mai haya ba ɗaki kaɗai yake haya ba. Yana hayar ƙofar gida, yana hayar maƙwabci, yana hayar iskar da zai shaƙa da safe. Kai ka ɗauko gidan unguwar manya ka dasa shi a nan. Wanda zai iya biya ba zai zauna ba, wanda zai zauna ba zai iya biya ba. Ka rage kuɗin kawai."

"In rage? Da bahon?"

"Baba, baho ba ya toshe kunne."

Bai rage ba. Gida ya zauna a kulle, Baba Ribas yana shiga kullum ya share, ya goge, ya danna ƙararrawa ya ji tsuntsunsa, ya fito. Nan ne ƙanin Innar Yara, wani mai sayar da siminti, ya fara kawo ziyarar da bai saba ba. Ya ce shi yana neman wurin ajiye kaya, kuma falon nan zai ci buhuna ba kaɗan ba. Innar Yara ta tara yara, ta zaunar da mijinta a gabansu.

"Baban yara, ni ban hana ka mafarki ba. Amma in ruwan farko ya sauka gidan nan babu kowa a ciki, za a sayar wa ƙanina, mu gyara inda muke kwana. Ka yarda a gaban 'ya'yanka."

"Siminti," in ji Baba Ribas, kamar an ambaci cuta. "Siminti a kan tayil ɗina."

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya yarda, don babu ƙofar fita, ko da ribas.

Ya yi kwanaki yana zagaye tsakar gida hannu a baya. Sai wata safiya ya fito fuska a sake, ya ce ya gano bakin zaren. Tun da ba zai iya ɗauke gida daga layi ba, to zai gyara layin, ko da na ɗan lokacin da baƙo zai shiga ya fita ne.

Yana da wata tsohuwar mota da kamfani ya bar masa, mai tsafta kamar ɗakin asibiti. Da ita ya bi maƙwabta gida gida. Sharaɗin mai sauƙi ne. Duk wanda ya shiga tsarin, motar Baba tasa ce: asibiti, kasuwa, tasha, ɗauko suruka, duk kyauta. Abin da ake so a wurinsa shi ne, da ya ji ham ɗin motar mai tsawo daga saman layi, ya kashe duk abin da ke ƙara, ya ɓoye duk abin da ke da muni, ya zama mutumin kirki har baƙo ya tafi.

Mai Walda ya ce, "Baba, ni munin nawa sana'ata ce. A ina zan ɓoye ta?"

"Ja ƙofa, ka sa riga, ka zauna kan benci kamar mai jiran fansho."

Goggo Mai Awaki ta ce, "Awakina ba su jin ham."

"Ke ai kina ji, Goggo."

Aka yi gwaji, aka sake, har abin ya zauna. Wanda bai ga layin nan ba lokacin da ham ya tashi, bai ga abin dariya ba. Injin niƙa ya yi tarin ƙarshe ya mutu. Masu gyaran babur su tura babura lungu a guje, ɗaya na jan tabarmar ƙarafa. Mata su fizge shanya daga igiya. Goggo ta bi awaki da zani a hannu tana kiran kowacce da laifinta. A ɗora katako kan kwata, a jera gwangwanayen fenti masu furanni a kai. Kafin mota ta gangaro, layi ya yi tsit, Mai Walda na zaune da riga mai maɓalli yana kaɗa ƙafa, yana gaida baƙo da muryar da matarsa ma ba ta san yana da ita ba.

Shi kuma Baba Ribas ba ya bari baƙo ya zo da kansa. Zuwa yake ya ɗauko shi, ya bi da shi ta unguwar manya, ta gaban bishiyoyi da gidaje masu get, ya yi ta kwana har mutum ya rasa gabas, sannan ya faɗo layin ta sama. Baƙo ya sauka yana zaton har yanzu yana gefen masu hali.

Dabara ta ci. Wani ma'aikacin banki ya gani, ya yaba da natsuwar wurin, ya kwaso kaya. Washegari layi ya farka da halinsa na gaskiya. Mutumin ya fito da buroshi a baki, ya tarar da akuya a kan motarsa, Mai Walda ya yi masa barka da asuba da injin yankan ƙarfe. Bai yi mako ba ya nemi a warware magana. Bayansa aka samu wasu sababbin aure, su ma suka tafi ranar da awakin Goggo suka cinye labulen amarya ta taga.

Wani ne da sai ya ce dabarar ce ba ta da kyau. Baba Ribas cewa ya yi horo ne bai isa ba. Ya ce mutanen layi suna saurin sakin jiki, baƙo bai gama juya baya ba sun koma halinsu. Sai ya kafa doka: ba mai motsi sai an ga motar ta fice da baƙo, ko da shi da kansa ne ya zo ya ce a kunna. Don ya tabbatar, ya ɗauko wani tsohon abokin aikinsa, ya sa masa babbar riga a matsayin baƙo, sannan ya zagaya wurin Mai Niƙa ya raɗa masa, "Wannan ba mai kamawa ba ne, kunna abinka." Mai Niƙa ya kunna. Nan take Baba ya soke shi daga shiga mota har wata ya ƙare, ga matar Mai Niƙan da tsohon ciki. Layi gaba ɗaya ya ɗauki darasi.

Ana haka sama ta fara haɗa fuska. Iska ta canja, hadari yana leƙowa da yamma yana komawa. Ƙanin Innar Yara ya zo da awo, wai yana so ya ga ko ƙofar za ta shigar da baro. Baba Ribas ya tsaya yana kallonsa kamar mai kallon wanda ke gwada masa likkafani da ransa.

Da hantsi Dillali ya kira. "Baba, na samo wata. Wannan ba 'yar shawara ba ce, a matse take. In ta ga ya yi mata, yau za a gama."

Baba Ribas ya wanke mota har taya, ya je ya ɗauko ta. Mace ce kakkaura mai fara'a, da tef ɗin awo rataye a wuya, Dillali yana kiranta Anti. Ya bi da ita ta unguwar manya kamar kullum. Ya lura tana kallon gidajen tana taɓe baki, amma ya ɗauka rana ce ta dame ta. A saman layi ya danna ham, ya ɗan yi jinkiri yana gyara madubi, sannan ya gangara.

Ranar layin ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ko kaza ba ta yi tari ba. Furanni sun sha ruwa, Mai Walda har da hula. Baba Ribas ya ji ƙwalla na neman zubo masa don alfahari.

Anti ta shiga gida. Ba ta kula ƙararrawa ba. Ta tsaya tsakiyar falo ta ware hannuwa, ta auna bango da tef, ta ƙirga wuraren saka wuta da ido, ta buɗe tagogi ta ce haske ya yi. Da ta ga bahon ta yi dariya ta ce, "Wannan zai yi aiki." Baba Ribas ya dubi Dillali, Dillali ya dubi sama.

Suka fito ƙofa. Anti ta tsaya, ta karkata kai tana saurare. Fara'arta ta fara raguwa.

"Baba, gidanka ya yi. Amma ba zan iya layin nan ba."

"Me ya yi, 'yata? Kin ji wani abu? Gaya mini wane ne."

"Ban ji komai ba, shi ne matsalar. Ni ɗinki nake yi. Kekuna gare ni masu yawa, da 'yan mata masu koyo, da janareto, ga rediyo ba ya mutuwa. Inda nake yanzu irin unguwar da muka ratso ce. Kullum ƙara, kullum takarda, wai na hana su barcin rana. Sun ba ni wa'adi in tashi. Ina neman inda in na tayar da injina ba wanda zai ɗaga kai, inda mutane ke wucewa su ga kaya a rataye. Nan kuwa dubi bawan Allah can," ta nuna Mai Walda, "daga gani ba ya son ko motsin cokali. Kwana biyu zai kai ni ƙara."

Mai Walda ya sunkuyar da kai cikin natsuwa, kamar yadda aka koya masa.

Baba Ribas ya matso kusa da ita. "Anti, shirun nan ba nasu ba ne. Nawa ne. Aro na ba su."

"Baba ke nan. Masu gida ba abin da ba ku faɗa. Da na ce ina son teku, da ka ce tana bayan gida."

"Tsaya nan. Kar ki motsa. Dillali, riƙe ta da magana."

Mutumin da bai taɓa gaggawa ba ko a kan titi, sai ga shi ya tattare riga yana gudu. Ya fara da Mai Walda. "Tashi ka kunna. Yanka ƙarfe, kowane iri."

Mai Walda ya yi murmushi, ya yi ƙasa da murya. "Baba, ai na gane. Jibi zan kai tsohuwata asibiti, ba za ka kama ni ba."

"Ba gwaji ba ne, wallahi."

"Haka za ka ce mana."

Ya ruga gidan Goggo ya buga ƙofa. "Goggo, saki awakin."

Daga ciki ta ce, "Wace Goggo? Nan ba mu da awaki, ɗan nan. Mu mutanen kirki ne."

Ya faɗa lungun masu gyaran babur, ya tarar da su a tsugune sun toshe bakin wani yaro mai shirin atishawa. Suka ɗaga masa babban yatsa. Ya iso wurin Mai Niƙa yana haki, bai ma yi magana ba Mai Niƙa ya naɗe hannu a ƙirji. "Ni dai an taɓa yi mini. Ko gobara ce ba zan kunna ba."

Baba Ribas ya tsaya tsakiyar layi, gumi na bin wuyansa, ya dubi aikin hannunsa. Ko'ina tsaf, ko'ina tsit. Can ya hango Anti ta gyara jakarta, tana ce wa Dillali ba sai an mai da ita ba, za ta nemi abin hawa a bakin titi. Sama kuma ta yi wani gurnani daga nesa.

Duk abin nan Innar Yara na tsaye a ƙofar gidansu tana kallo. Ita ce ta kafa sharaɗin sayarwa, kuma da ta yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da ƙaninta ya samu wurin ajiye siminti. Ta dubi mijinta, tsoho da shi, a tsakiyar hanya yana roƙon mutane su yi hayaniya. Ta yi tsaki, ta shiga ciki, ta fito da roba cike da hatsi, ta taka har gaban Mai Niƙa ta dire.

"Niƙa mini."

"Inna, ai akwai baƙuwa."

"Ni na shiga yarjejeniyarku? Na taɓa cewa a kai ni wani wuri? Niƙa mini, ko in kwashe cinikina in kai gaba, in kuma gaya wa matan layi sun daina kawo maka."

Mai Niƙa ya dubi Baba, ya dubi robar, ya auna wanda ya fi tsoro a cikinsu. Ya ja igiyar inji.

Tarin farko da injin ya yi, awakin Goggo suka ɗauka an tashi daga makaranta. Suka ture ƙofar langalanga suka fito a jere, suka nufi furannin kan kwata. Goggo ta biyo su tana zagi da cikakkiyar muryarta. Masu babur suka ga an riga an karya doka, suka tayar da babura uku lokaci guda. Yara suka ɓarke daga gidaje. Mai Walda ya cire hula da riga, ya rataye su a ƙusa, ya ɗauko injinsa da fuskar wanda aka sako daga kurkuku.

Anti, wadda ta kusa kai saman layi, ta tsaya cak. Ta juyo. Ta dawo a hankali tana kallon dama da hagu, fuskarta na buɗewa kamar an yi mata albishir.

"Kullum haka yake?" ta tambaya da ƙarfi, don ba a jin magana.

"Wannan ma don ba su shirya ba ne," in ji Baba Ribas.

A bakin ƙofa aka yi ciniki, kowa na ihu a kunnen ɗan'uwansa. Anti ba ta biya kuɗin unguwar manya ba. Ta ce ita kuɗin layin nan za ta biya, tun da a layin nan gidan yake, amma za ta daɗe, kuma ba za ta taɓa kawo ƙarar maƙwabci ba. Dillali ya taka ƙafar Baba. Innar Yara ta kafe shi da ido daga wurin niƙa. Baba Ribas ya ce ya sallama. Ya tambaya a hankali me za ta yi da bahon, ta ce jiƙa yadi. Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya ce Allah ya sa albarka.

Kafin ruwan farko ya sauka, kekuna sun cika falo, riguna sun yi layi a ƙofa, rediyon Anti na gasa da injin Mai Walda. Matan da ke zuwa ɗinki suka fara tsayawa niƙa, mazansu na ba da gyaran babur. Har wani ya tambayi Goggo ko tana da ɗakin haya.

Baba Ribas ya sanar cewa tun da an daina shiru, motar kyauta ma ta ƙare. Da yamma sai ga tawaga a ƙofar gidansa, Mai Walda a gaba.

"Baba, mun yi shawara. Da shirunmu kake so, ka biya. Yanzu hayaniyarmu ce ta riƙe maka mai haya. In mota ta tsaya, gobe da safe kowa zai sa riga ya zauna kan benci. Mun iya, kai ka koya mana."

Baba Ribas ya dubi Innar Yara ko za ta kawo ɗauki. Ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Wa ke da tafiya gobe?" ya tambaya.

Hannuwa suka tashi, har da na Goggo, wadda ta ce akuyarta ɗaya ba ta jin daɗi, tana so likita ya duba ta.

"Akuyar a but ɗin mota za ta zauna," in ji Baba Ribas.

"A but? Marar lafiya? Gaba za ta zauna, ni in zauna a baya in riƙe mata kai."